Fitilar da ke amsawa yau ta ƙi gobe: inda saƙo yake ɓacewa a gidan da ake sarrafawa da waya

Duk wanda ya ɗora fitilun gidansa, soket-soket da ƙararrawar ƙofa a kan wayar hannu ya san wannan ɓacin ran. Da la'asar ka taɓa waya, fitilar tsakar gida ta kama tun kafin ka ɗaga yatsa. Bayan isha'i ka taɓa sau uku, shiru, sai can ta kama, ta mutu, ta sake kamawa, domin umarnin ukun sun iso mata a tare. 'Yar na'urar da ka liƙa a get ta yi wata guda tana sanar da kai duk wanda ya shigo, ranar da ka yi tafiya kuma ta yi gum. Da ma lalacewa abin ya yi gaba ɗaya, da an cire an sa wani an huta. Abin da ke aiki wata rana ya ƙi wata rana shi ne mai cinye kuɗi, don mai gida yakan yi ta sayen sabo yana zaton tsohon ne ya mutu, sabon kuma ya zo ya gaji halin na da.

A ganina na'urar ba kasafai take da laifi ba. Hanyar da saƙo yake bi kafin ya kai gare ta ce take yankewa, kuma a gidajenmu babban abin da ke yanke ta shi ne wutar lantarki. Waɗanda suka ƙera waɗannan kaya sun ƙera su ne don gidajen da ba a ɗauke wuta, mu kuwa mun kawo su inda NEPA, janareta da inbata suke karɓa-karɓa a wuni ɗaya.

Da wane harshe suke magana?

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a duba kwalin kowace na'ura a ga da me take magana. Wasu da Wi-Fi suke haɗuwa kai tsaye da rautar gida, wato akwatin da ke raba intanet, kuma su ne galibin soket da makunnai masu araha da ake sarrafawa da manhajar Tuya ko Smart Life. Wasu da Zigbee suke aiki, wanda aka gina a kan ƙa'idar IEEE 802.15.4. Akwai Thread, wanda rediyonsa iri ɗaya ne da na Zigbee, kuma a kansa wasu na'urorin Matter, wato tsarin da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna, suke tafiya tun fitowarsa a 2022. Sai Z-Wave, wanda ba shi da yawa a kasuwanninmu. Gida ɗaya yakan tara iri biyu ko uku, manhaja guda ta lulluɓe su, sai mai gida ya ɗauka duk hanya ɗaya suke bi. A rubuta sunayen masu ba da matsala, a gefen kowanne a sa harshensa. In ya zamana duk masu taurin kan iri ɗaya ne, to an rage rabin aiki.

Maganar Z-Wave gajeriya ce. Zangon rediyonsa a Turai wajen megahaz 868 ne, a Amurka kuma wajen 908. Wanda ya yi odar cibiya, wato akwatin da ke ba na'urorin umarni, daga Amurka, na'ura kuma daga Ingila, ba za su taɓa jin juna ba, kuma babu gyaran da zai sa su ji.

Zigbee ne ya fi bukatar bayani, don shi ne ya fi rikita mutane.

Layin masu miƙa kwano

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli zubin dakin, wato zuba kankaren saman gini, ya ga yadda leburori suke jeruwa daga wurin kwaɓa siminti har sama, kowa yana miƙa wa na gabansa kwanon kankare. Babu wanda yake jifa daga ƙasa zuwa sama. Haka Zigbee yake. Akwai cibiya guda ɗaya, ko ɗan akwati ko 'yar sandar da ake sokawa a kwamfuta, ita ce madugun tafiya. Akwai masu miƙo, wato na'urorin da ke jone da wutar gida koyaushe: soket, ƙwan fitila, wasu makunnai. Suna yin aikinsu, suna kuma miƙa saƙon wasu. Sai 'yan batir, irin masu gane an buɗe ƙofa, masu gane motsi, masu auna zafi. Waɗannan barci suke yi don batirinsu ya daɗe, sukan farka su faɗi abin da suka gani su koma. Ba sa miƙa saƙon kowa, kuma kowace tana maƙale da mai miƙo guda, shi ne kamar uwarta, shi yake riƙe mata saƙo har ta farka.

To yanzu a cire mutum biyu daga tsakiyar layin masu kwano. Abin da ke faruwa kenan duk lokacin da aka ɗauke wuta a gidan da ke da inbata.

Galibin gidajen da aka sa wa inbata ko sola ba duk layuka aka ɗora mata ba. Mai haɗa wuta yakan ɗora fitilu, fankoki, talabijin da 'yan soket na falo, ya bar soket ɗin kicin, na guga, na iyakwandishan da famfon bohol a layin NEPA da janareta. Wannan daidai ne wajen tattalin batir. Amma mai gida da ya zo soka soket ɗinsa na Zigbee bai yi la'akari da wane layi kowanne yake ba. Cibiya tana falo a kan inbata, tana raye. Fitilar get tana kan inbata, ita ma tana raye. Soket ɗin kicin da na barandar baya, waɗanda su ne suke miƙa saƙo tsakanin falo da get, sun mutu tare da NEPA. Ka taɓa waya, ga wuta a falo, ga wuta a get, amma fitila ta ƙi amsawa. Da wuya mutum ya zargi ɗaukewar wuta alhali yana zaune a ƙarƙashin fanka tana juyawa.

Tsarin yana da dabarar neman sabuwar hanya da kansa, kuma yakan samu in akwai wani mai miƙo a kusa. Sai dai neman yana ɗaukar lokaci, shi ya sa umarni yakan makara ya iso a tare. 'Yan batir kuwa su suka fi shan wahala. Wadda uwarta ta mutu za ta farka ta yi ta kira, ba amsa, ta shiga neman wata, kuma wannan neman yana zuƙe batirin da ya kamata ya yi shekara ko fiye. Wasu, musamman tsofaffin samfura masu araha, ba su iya sauya uwa ba sam. Ko an dawo da wuta sukan tsaya a waje har sai an je an danna musu ɗan maɓallinsu. Idan kana canza wa wata na'ura batir duk bayan 'yan makonni, kafin ka zagi mai sayar da batir ka duba wa take maƙale da shi, da kuma layin da yake kai.

Gyaran nan ba ya bukatar sayen komai da farko. A kashe layin NEPA daga cenjoba da rana tsaka, a bar inbata kaɗai, a zaga gida a ga waɗanne masu miƙo ne suka rage da rai. Wannan ita ce ainihin hanyar saƙonka, sauran duk baƙi ne masu zuwa su tafi. In an ga giɓi tsakanin falo da ɗakunan baya, a mayar da soket ɗaya ko biyu kan layin inbata a wurin giɓin, ko da babu abin da za a jona musu. Wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba. Ni na fi son a rage masu miƙo da ke kan layin NEPA iyakar iyawa, domin muddin suna nan 'yan batir za su ci gaba da maƙale musu, su kuma su ci gaba da yasar da su. Bayan an gyara, a sake haɗa 'yan batir ɗin a inda za su zauna, a lokacin da inbata ce kaɗai ke aiki, don su zaɓi uwar da ba ta mutuwa. Mutane da yawa sukan haɗa na'ura a gefen cibiya a falo sannan su ɗauke ta zuwa get, ita kuwa ta ci gaba da neman cibiyar da yanzu bango huɗu ke tsakaninsu.

Ƙwan fitila na Zigbee yana da irin wannan matsala ta wata fuska. Shi ma mai miƙo ne, amma makunninsa na bango yana nan. Hajiya ta gama abin da take yi a ɗaki ta kashe makunni kamar yadda ta saba shekara da shekaru, kuma ba ta yi laifi ba, sai dai ta cire mutum guda daga layi ba tare da ta sani ba. Gidan da ke da jama'a, na fi ganin hikimar a sa makunni mai Zigbee a bango a bar ƙwai na yau da kullum. A nan ma akwai abin lura. Haɗin wutarmu ya bi tsarin Ingila, kuma a gidaje da yawa wayar nutural ba ta zuwa akwatin makunni. Don haka aka fi sayen makunnan da ba sa bukatar nutural, su kuma yawancinsu ba sa miƙa saƙo, ko da yake a jikin wutar gida suke. Mutum zai ƙirga makunni goma sha biyu ya ce hanyarsa ta yi ƙarfi, alhali ko ɗaya ba ya miƙa komai.

Cunkoso a zango ɗaya

Idan matsalar tana zuwa ko da wuta ko babu, musamman da daddare, to a juya ga iska. Zigbee, Thread, Bluetooth da Wi-Fi na 2.4 duk a zango ɗaya suke, wato gigahaz 2.4, har da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef da ke aiki a wajen 2.45. Wi-Fi shi ne mai babbar murya. Zigbee kuwa mai kunya ne: yakan saurara kafin ya yi magana, in ya ji ana surutu ya dakata, ya sake gwadawa sau kaɗan, in bai samu sarari ba ya jefar da saƙon. Bayan isha'i, lokacin da yara suke kallon bidiyo, maƙwabta ma kowa ya kunna tasa rautar ko MiFi, sararin yakan yi ƙaranci. A gidan haya mai hawa-hawa abin ya fi tsanani.

Zigbee yana da tashoshi 16, daga ta 11 zuwa ta 26, daga megahaz 2405 zuwa 2480, tsakanin kowace da ta gaba megahaz 5. Tashoshin Wi-Fi da aka fi amfani da su uku ne: ta 1 a 2412, ta 6 a 2437, ta 11 a 2462, kowace faɗinta wajen megahaz 20. Ga inda ake yawan tuntuɓe: lambobin ba ɗaya ba ne. Tashar Zigbee ta 11 ba ta kusa da tashar Wi-Fi ta 11, a ƙarƙashin tashar Wi-Fi ta 1 take kwance. Wani zai ga Zigbee ɗinsa a 11, sai ya gudu da Wi-Fi zuwa 1 don ya raba su, ashe ɗora su ya yi a kan juna. Manhajar Zigbee2MQTT, wadda da yawa daga masu amfani da Home Assistant, wato manhajar sarrafa na'urorin gida, suke sawa, a tasha ta 11 take farawa in ba a sauya ba.

Tashoshin Zigbee da suka faɗa a tsakankanin na Wi-Fi su ne 15, 20 da 25, wato 2425, 2450 da 2475. Ta 26 ta fi nisa, amma wasu na'urori ba sa son ta. Sauya tashar Zigbee a gidan da aka riga aka haɗa komai yana iya jawo sake haɗa wasu 'yan batir, don haka ya fi sauƙi a motsa Wi-Fi. A shiga saitin rauta, a kafe ta a tasha guda mai nisa da ta Zigbee, a kuma mayar da faɗinta 20 maimakon 40.

Kafewar nan tana da muhimmanci a wurinmu fiye da wasu wurare. Rauta da yawa an bar su su zaɓi tasha da kansu, kuma sukan yi zaɓin ne a lokacin da suka tashi. Inda ba a ɗauke wuta, rauta takan yi watanni a tasha ɗaya. Tamu kuwa tana mutuwa ta tashi sau da dama a rana, kowane tashi da sabon zaɓi. Da safe tana nesa da Zigbee komai lafiya, da yamma an kunna janareta ta faɗo a kansa. Wannan shi ne asalin wasu matsalolin da ake cewa ba su da kan gado.

Akwai kuma wani maƙiyi da ke gindin cibiya kanta. A 2012 kamfanin Intel ya fitar da takardar bincike da ta nuna cewa mashigar USB 3.0 da wayoyinta suna fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4. Wanda ya soka sandar Zigbee kai tsaye a jikin ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, kusa da shuɗiyar mashiga ta USB 3.0 da aka jona wa ma'ajiyar bayanai, ya toshe wa madugu kunne tun daga gida. Maganin waya ce ta ƙarin tsawo ta USB, mita ɗaya ko biyu, a soka ta a mashigar USB 2.0, a ɗaga sandar sama nesa da kwamfuta, nesa da rauta, nesa da bayan talabijin. Cikin duk gyare-gyaren da ke bukatar saye babu mai araha kamarsa, kuma da shi nake so kowa ya fara.

Bulo, rodi da ƙofar ƙarfe

Nisan da ake rubutawa a kwali a fili aka auna shi. Gininmu bulo ne mai inci tara, ginshiƙi da dakin cike da rodi, tagogi da ƙarfen tsaro, ƙofofi na ƙarfe, rufin kwano, makunni ma a cikin akwatin ƙarfe aka binne shi. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta, don haka tankin ruwa da ke tsakanin gida da ɗakin famfo shi ma katanga ne. Tsakanin hawa da hawa, saƙo ya fi samun hanya ta matakala, sai a sa mai miƙo a ƙasanta, wani a samanta. Na'urar da aka liƙa a jikin get na ƙarfe, a ɗan sa mata katako ko roba a ƙarƙashi, a kuma kare ta daga rana, don zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana gajiyar da ƙaramin batir irin CR2032.

Manhajoji suna nuna wata lamba mai suna LQI, daga 0 zuwa 255, ma'aunin ingancin haɗi. Tana da amfani wajen kwatanta na'ura da kanta, jiya da yau, kafin gyara da bayansa. Ban yarda a kwatanta ta tsakanin gida da gida ba, domin kowane kamfanin guntun lantarki da yadda yake lissafa ta. Haka ma kason batirin da ake nunawa, ba abin dogaro ba ne sosai. Batir mai rauni yakan nuna yana da sauran ƙarfi, amma ya durƙushe a daidai lokacin da na'ura take aika saƙo.

Wani abin da ba a cika tunawa da shi ba: gudun Zigbee kilobit 250 ne kacal a daƙiƙa, kuma kowa da kowa ke raba shi. Soket mai auna wutar da ake sha yakan aika rahoto duk lokacin da ƙarfin wuta ya motsa. Tamu kuwa ba ta zama wuri ɗaya, ya kamata ta tsaya a 230 amma hawa da sauka take yi wuni guda, balle a kan janareta. Soket biyar irin wannan sun isa su cika hanya da surutu. A shiga saitinsu a tsawaita tazarar rahoton.

Masu Wi-Fi

Nasu ciwon daban ne, amma shi ma yana komawa ga wuta. Idan aka dawo da wuta, ɗan soket yakan tashi cikin daƙiƙu kaɗan, rauta kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu. Soket ya nema bai samu ba, wasu sukan ci gaba da nema, wasu su haƙura sai an zare an mayar. Ɗora rauta da cibiya a kan inbata, ko a kan ɗan batirin ajiya irin na rauta, yana kashe wannan matsala daga tushe. Yawancin waɗannan na'urori zangon 2.4 kaɗai suka sani, ba su san na gigahaz 5 ba, don haka rautar da ta haɗe zangon biyu a suna ɗaya takan rikita su, sai a raba sunayen. MiFi kuma tana da iyakar yawan na'urorin da take karɓa, in wayoyin baƙi suka cike gurbin, makunnin da ya zo daga baya a waje zai kwana.

Sannan akwai data. Da yawa daga cikin masu aiki da manhajar kamfani, umarninka sai ya fita intanet ya je kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa kafin ya dawo ga fitilar da ke saman kanka. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, komai na gidan lafiya lau yake amma ba ya amsawa. Gwajin mai sauƙi ne: in fitila tana amsa makunninta na hannu, waya tana jone da Wi-Fi, amma shafin intanet ba ya buɗewa, to a bar bango a je a duba data. Wannan ne ya sa nake karkata ga tsarin da ke yanke hukunci a cikin gida, irin Home Assistant, ga duk wanda zai iya ɗawainiyar saita shi.

Duk wannan bincike yana tafiya ne da takarda da biro. Kwana bakwai a jere, duk lokacin da wani abu ya ƙi, a rubuta wace na'ura ce, ƙarfe nawa, kuma wace wuta ake kai, NEPA, janareta ko inbata. A roƙi mutanen gida su ma su riƙa faɗa, don su suka fi zama a cikinsa. In ƙin yana bin ɗaukewar wuta, masu miƙo ne. In yana bin dare, cunkoson zango ne. In na'ura ɗaya ce kullum, a duba batirinta, uwarta da abin da aka liƙa ta a kai. In duk gidan ne lokaci guda, cibiya ce ko rauta ko data. Idan an zo gyara, a sauya abu ɗaya tak, a ba shi kwana ɗaya ko biyu, domin hanyoyin Zigbee ba nan take suke daidaita ba, 'yan batir ma sai sun farka sun ga sauyin. Wanda ya sauya tasha, ya matsar da cibiya, ya ƙara soket uku duk a yammaci ɗaya, ko abin ya gyaru ba zai san wanne ne ya gyara ba, kuma ranar da ya dawo daga farko zai sake farawa.